Moɗar Ruwan da Na Ƙi Sha

Tunga, Minna.
Ranar Laraba.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya tsare hanyarki, Ya kare ki daga sharrin ƙarfe da na mutum, Ya sauke ki lafiya. Na sa wannan takarda a jakarki ta hannu, ƙarƙashin ledar dambun nama, na kuma roƙi babanki ya gaya miki ki karanta ta kafin motarku ta shiga Kaduna. Kada ki bari sai kin sauka. Za ki ga dalili.

Kin san ni da nauyin baki. Shekara goma sha takwas muna gida ɗaya, ban taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Rabi kunyar 'yar fari ce, wadda ta hana ni ko kiran sunanki na yanka. Rabi kuwa halina ne tun ina makaranta, lokacin da malamai suke rubuta mini a ƙarshen zango cewa yarinya ce mai ƙoƙari, amma ba a jin muryarta. Biro kaɗai ne ba na jin kunyarsa.

Gidan Ladi za ki sauka. Ke kin san ta ne a matsayin malama a makarantar koyon aikin ɗakin gwaji da za ki shiga, kin kuma san cewa tsohuwar ƙawata ce. Ba ki taɓa tambaya ba me ya sa ƙawar ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, ni ma ban taɓa zuwa nata ba. Akwai abin da na yi wa Ladi da mahaifiyarta kafin a haife ki, ban kuwa taɓa neman gafararsu ba. Tsohuwar tana raye, tana zaune wurin Ladi. An ce ƙarfinta ya ragu ƙwarai. Idan saƙona bai isa gare ta ta bakinki ba, ina tsoron ba zai taɓa isa ba.

Ni da Ladi benci ɗaya muka zauna tun aji ɗaya na sakandare. Ita 'yar Gbagyi ce, Kirista, gidansu a Sauka Kahuta tun wurin yana gonaki. Ni ce nake fin ta maki a kowace jarrabawa, wannan ba yabon kai ba ne, takardun suna cikin akwatina. Amma ita ake sani. Idan malami ya yi tambaya, amsar tana bakina, hannuna kuwa yana kan cinya. Sai in raɗa mata, ta miƙe ta faɗa, a tafa mata. Ni na ba ta da kaina, ba ta ƙwace ba. Duk da haka nakan koma gida zuciyata tana zafi.

Da muka gama makaranta, shekaru kaɗan ke nan da aka mai da Minna babban birnin jiha. Mutane suna ta kwararowa, ana ta gine-gine, famfo bai kai ko'ina ba, kowa sai haƙa rijiya yake yi. Aka ɗauke mu aiki rana ɗaya a wani ƙaramin ofis mai duba ruwan rijiyoyi. Shugabanmu wani dattijo ne mutumin Bida, Malam Ndagi, mai barkwanci, Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Cikin mako guda ya raɗa mana suna: Ladi ta zama Rediyo, ni na zama Shiru.

A ofishin akwai wani mita na hannu mai auna abin da ya narke a ruwa. Girmansa kamar ƙaramin rediyo, da allura a fuskarsa, da ɗan ƙoƙo a samansa. A zuba ruwa a ƙoƙon, a danna maɓalli, allura ta tashi ta tsaya a kan lamba. Mutanen gari akwati suke ce masa. Ranar da Malam Ndagi zai koya mana aiki da shi, ya jera kofi uku na ruwan sama. Ɗaya ya zuba masa sukari cokali huɗu, ɗaya ya sa masa gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, na ukun ya ɗiga masa ruwan kwata.

"Kai Rediyo, wanne zai fi tayar da allura?"

Ladi ta ce, "Na kwatan mana, Malam. Ko hancina ya auna shi."

Ya zuba. Allura ta ɗan motsa kawai. Ya zuba mai sukari, ko gezau. Da ya zuba mai gishiri, sai ga ta ta yi sama.

Ya ce, "To kun gani. Wannan akwati makaho ne, da lalube yake tafiya. Wuta kaɗan yake turawa cikin ruwa. Gishiri da kanwa da danginsu suna ba wuta hanya, shi ne allura yake tashi. Sukari ba ya ba shi hanya. Kananzir ba ya ba shi. Ƙwayar cuta kuwa, ko sun cika kofi suna rawa, akwati bai san da su ba."

Daga nan ya jero dokoki. Kowace safiya a gwada shi da ruwan gishirin da aka san ƙarfinsa, a murɗa ɗan kusa har allura ta zauna daidai. A duba batir, don idan ya yi sanyi lamba takan kauce. Ruwan da ya sha rana yakan nuna lamba sama da ruwan da ya kwana a randa, ko da rijiyarsu ɗaya. A dubi allura ido da ido, don wanda ya karkata kai yakan ga wata lamba dabam. Babbar doka kuma: a ɗauraye ƙoƙon sau uku da ruwan da za a auna kafin a danna. Ya ce ko an kiyaye duk wannan, lambar akwati kusa-kusa ce, ba daidai ba. Rijiya biyu da suka bambanta da ɗan kaɗan, ba a cewa ɗaya ta fi ɗaya.

Yana cikin bayani Ladi ta ɗauki kofin sukarin ta shanye, ta ce kada a yi asara. Ofis ya ɗauki dariya, har direba ya leƙo. Ni kuwa idona yana kanta, ina tunanin yadda abu yake zo mata da sauƙi. Dokokin na rubuta su tsaf a littafina. Amma akwai abin da ban gane ba: idan akwati ba ya ganin cuta, me lambarsa take gaya mana game da ruwan sha? Tambayar ta zo har bakina. Na ga idan na yi ta, Ladi za ta ga ban gane ba. Na haɗiye.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Ummi, duk na'urar da aka miƙa miki a makarantar nan, kafin ki tambayi abin da take gani, ki tambayi abin da ba ta gani. Ki tambaya da ƙarfi, a gaban aji, ko za a yi miki dariya. Dariyar aji ba ta wuce ƙararrawa. Ni tambayar da na haɗiye har yau tana maƙale a wuyana.

Bayan wata biyu aka raba mana aiki. Ni aka ba ni akwati, ina bin unguwa-unguwa. Ladi aka bar ta a ɗakin gwaji da sikeli da murhun lantarki. Aikinta shi ne ta tace ruwa, ta zuba a tasa, ta ƙafar da shi har ya bushe, ta auna ɗan farin garin da ya rage. Yini guda take yi a kan abin da nake yi cikin minti ɗaya. Da farko na ɗauka ni aka fifita. Mata suna taruwa su kewaye ni a bakin rijiya, yara suna bin bayana, ni da ba a taɓa kallo ba. Suna tambaya, "Me ya ce?" Ban san yadda zan fassara musu ba. A ofis cewa ake "abin da ya narke". Na ga wannan ya yi tsawo, kuma ba ya sa kowa ya buɗe baki. Sai na fara cewa "datti". Lamba kaɗan, datti kaɗan. Lamba da yawa, datti da yawa. Kalma ɗaya ce na sauya, ba wanda ya sa ni.

Wata rana na leƙa babban littafin rahoto. Lambobina da fensir aka rubuta su. Na Ladi da biro. Na tambayi Malam Ndagi a hankali, ya ce, "Naka na nuna hanya ne, Shiru. Na Rediyo shi ne isowa." Gaskiya ya faɗa, ba da mugunta ba. Akwati aikinsa ya ce a duba nan, sikeli ya tabbatar. Amma ni abin da na ji shi ne: ke fensir ce, ita biro. Daga ranar na daina cin abincin rana tare da ita. Nakan ce ina azumi.

Ki kiyayi wannan. Idan aka ce aikinki na share fage ne, ba zagi ba ne. Kuma ki kira abu da sunansa ko da sunan bai da daɗi a baki. Mutanen da ba su yi boko ba za su ɗauki kalmarki su kai ta inda ba za ki iya dawo da ita ba.

Sai maganar kwas ta taso. Gurbi ɗaya ne, a Kaduna, shekara biyu. Na tabbata ni za a ba, don takarduna sun fi. Aka ba Ladi. Malam Ndagi ya ce wanda zai je sai mai iya tsayawa gaban mutane ya yi bayani. Na ce mata, "Na taya ki murna." Ta rungume ni tana tsalle, ta ce lallai in zo gidansu ranar Asabar, mamarta za ta yi kunu.

Dole in gaya miki ko wace ce Maman Ladi a unguwarsu. Tana da rijiya mai zurfi da marigayi mijinta ya haƙa har ya tarar da dutse. Ba ta ƙafewa ko da bazara. Rabin unguwar a nan suke ɗiba, Musulmi da Kirista, ba ta hana kowa. Da ruwan take dama kunun zaƙi, tana kaiwa bakin titi, leburori masu gini suna layi. Da wannan kunu ta yi wa Ladi makaranta. Tun muna aji ɗaya nake shan ruwan gidan, ban taɓa ko ciwon ciki ba.

Ranar Asabar ɗin na yi aikin safe, akwati yana jakata. Rijiyar ƙarshe da na auna wata ce da aka daina sha, a bayan inda masu fata suke barbaɗa wa fatu gishiri. Allura har ƙarshe ta kai. Na zubar da ruwan, ban ɗauraye ba, na ce sai na koma ofis. Na wuce Sauka Kahuta da rana tsaka.

Na tarar da tsakar gida cike da mata, wasu sun zo murna, wasu da bokitansu. Maman Ladi ta taso da kanta, ta buɗe randa, ta cika moɗa, ta miƙo mini da hannu biyu, tana yi mini sannu da Hausarta ta Gbagyi.

"Sannu Hajara, sannu da rana. Kai ma ka zo? Sha ruwa, 'yata."

Na karɓa. Ban kai baki ba sai wata mata ta ce, "Ladi za ta Kaduna ta zama likitan ruwa! Ke fa, Hajara? Ba tare kuka gama ba?"

Wata ta amsa mata, "Ita ai dakon akwati take yi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin ta mata ce a gidan biki. Ladi ma ta yi, tana cewa, "Ku bar mini Shiru, ta fi ku duka kai." Wannan kārewar da ta yi mini ta fi dariyar ciwo.

Na ajiye moɗar a ƙasa. Na buɗe jaka, na fito da akwati. Na ga ɗigon ruwan masu fata a gindin ƙoƙon, yana ƙyalli. Na gan shi, Ummi. Ba zan ce miki mantuwa ba ce. Na tsiyaya ruwan moɗar a kai sau ɗaya, na danna. Allura ta tashi. Ina tsugune a gefe, kaina a karkace, ban gyara zama ba.

Tsakar gidan ya yi tsit. Matar da ta yi maganar dako ta matso.

"Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce akwai datti."

"Da yawa? Ya fi na rijiyar bakin rafi?"

Rijiyar bakin rafi wata 'yar gajeriya ce a ƙasan unguwar, na auna ta a makon, lambarta ƙasa ƙwarai, don kusan ruwan sama ne yake taruwa a ciki. Na ce, "Ya ninka ta."

Ladi ta tsuguna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Hajara, kin ɗauraye?"

Na ce, "Na ɗauraye."

Ta dube ni. Ban iya dubanta ba.

Maman Ladi ba ta san akwati ba, amma ta san an ƙi ruwanta. Ta sunkuya ta ɗauki moɗar da na ajiye, ta shanye sauran a tsaye, ta goge baki da bakin zane. Ta ce, "Shekara ashirin ina sha datti. Ga ni, ban mutu ba." Ta so a yi dariya. Ba wanda ya yi. Na ga wata mata ta ɗauki bokitinta babu ruwa a ciki ta zame ta ƙofa.

Ban taɓa samun mutane su yi shiru don maganata ba sai ranar. Ba zan ɓoye miki ba, a kan hanyar komawa gida daɗi nake ji. Har na kai Tunga ina jin daɗin.

'Yata, ruwan da aka miƙa wa baƙo ba a auna shi. Sha ake yi, ko a kai baki a yi godiya. Idan kina da shakka a kan ruwan wani gida, ki ja mai gidan gefe, ki nemi izini, ki ɗiba a kwalba, ki yi aikin a inda ake yinsa. Kuma ranar da kika ji ƙirjinki yana zafi saboda wata, kada ki auna komai nata. Ki miƙa wa wani na'urar. Na ga yadda kika yi da fuska ranar da sakamakonku ya fito, ƙawarki ta fi ki da darasi ɗaya, kika ce ai malamin lissafi ɗan garinsu ne. Na gane fuskar. Tawa ce.

Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo, maganar ta gama Sauka Kahuta: akwatin gwamnati ya ce rijiyar Maman Ladi datti ce. Leburori suka daina tsayawa. Yara suna bin ta suna cewa "kunun akwati". Kunu yakan yini a randa ya yi tsami, ta dawo da shi ta zuba wa dabbobi. Mata kuwa suka koma rijiyar bakin rafi, wadda na ce tana da tsabta. Ita wannan rijiya, taku kaɗan ne tsakaninta da masai guda biyu. Da ruwan sama ya sauka, sai gudawa da amai suka kama yara gida-gida. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma an kwantar da uku a asibiti, ɗaya jaririya ce. Akwati bai yi ƙarya a kan rijiyar ba. Gishirinta kaɗan ne, haka ne. Ni ce na fassara kaɗan ɗin da tsabta.

Ladi ba ta yi mini magana ba. Ta ɗebo ruwan rijiyoyin biyu a kwalabe. Ta ƙafar, ta auna da sikeli. Ta kai sauran inda ake renon ƙwayoyin cuta a gani ko za su tsiro, aka jira kwana biyu. Sakamako ya fito. Ruwan mamarta yana da ɗan gishirin dutse fiye da na rafi, irin wanda ba ya cutar da kowa, ko kusa da lambar da allura ta nuna ranar bai kai ba, kuma babu cuta a cikinsa. Na bakin rafi kuwa cike yake da ita. Malam Ndagi ya kai takardar wurin mai unguwa, aka rufe rijiyar rafin.

Da ya dawo ya kira mu ofishinsa mu biyu. Ya ajiye akwati a kan tebur. Ranar babu wasa a fuskarsa.

"Shiru, akwati ne ya yi ƙarya, ko mai akwati?"

Da na faɗi gaskiya, da korata za a yi, na sani. Kafin in buɗe baki Ladi ta ce, "Batir ne ya yi sanyi, Malam. Na duba shi ranar Litinin."

Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "To. A sayi sabon batir." Ya sallame mu.

A bakin ƙofa na jira ta zage ni. Da ta zage ni, da na huta. Da ta mare ni, da mun yi daidai. Cewa kawai ta yi, "Ki je ki gai da Mama, tana tambayarki." Ta wuce.

Wannan shi ne abin da na kasa yafe mata. Ki ji da kyau, don abin kunya ne: ita aka zalunta, ni ce na yi fushi. A makaranta ta fi ni baki, a ofis ta fi ni sa'a, yanzu kuma ta fi ni hali, a wurin da ba ni da takardar da zan nuna. Sau biyu na je Sauka Kahuta. Na farko na tsaya a bakin titi na juya. Na biyu har na ga bakin rijiyar, na hango tsohuwar tana wanke randunan kunu tana kifewa, na juya. Mata sun dawo ɗibar ruwa, amma kunun bai sake tashi ba, don takardar mai unguwa ba ta kai kunnen leburori ba. Ladi ta tafi Kaduna. Ni na yi aure, na bar aiki. Daga baya ta ɗauke mamarta. Duk lokacin da labarinta ya zo, an ƙara mata girma, ta gina gida, nakan ce "Allah Ya ƙara," sannan in rasa abin da ya sa tuwon ranar ya ƙi shiga.

Idan kin yi wa mutum laifi, ki je a ranar. Washegari ƙafa takan yi nauyi, bayan shekara kuwa sai ta zama dutse. Idan kuma wanda kika cuta ya rufa miki asiri, kada ki ɗauka ya yi ne don ya nuna ya fi ki. Ko da ya fi ki ɗin, ki gode.

Da sunanki ya fito a makarantar nan, babanki ne ya ce a rubuta wa Ladi, tunda ba mu da kowa a Kaduna kuma ɗakin kwanan ɗalibai ya cika. Bai san wannan labari ba, ya ɗauka zumunci ne ya yi sanyi. Na ce kada a dame ta. Ya rubuta. Amsarta kin gan ta, layi biyu ce: "'Yar Hajara 'yata ce. Ta zo, ɗakinta yana nan." Na ga kin karanta ta sau uku. Na ga kin kwaikwayi sa hannunta a bayan littafinki. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, ina mace mai 'ya'ya biyar, abin nan ya taso mini sabo fil kamar ranar da na leƙa littafin rahoto.

Na san abin da zai faru. Za ki so ta. Kowa yana son ta. Za ta zaunar da ke ta yi hira da ke, ta kira sunanki na yanka da ƙarfi daga kicin, ta ja kumatunki, abubuwan da ni ban taɓa yi miki ba. Ke da kika tashi kina ce mini Yaya, don haka kika ji ƙannena suna kirana, ni kuma kunya ta hana ni gyara miki. Ba zan ce kada ki so ta ba. Ki so ta, ki yi mata biyayya, ki koyi aikinta, don hannunta a kan sikeli ba shi da na biyu. Ranar Lahadi idan za su coci, ki riga su tashi ki share gida. Na san ita ma za ta nuna miki gabas tun kafin ki tambaya. Wannan zafi nawa ne, ni zan ji da shi, ba naki ba ne.

Ga saƙon. Idan kin isa, bayan kin gai da Ladi, ki ce a kai ki wurin tsohuwa. Ki durƙusa har ƙasa. Na san ta, ko ba ta iya tashi sai ta sa an kawo miki ruwa, kuma sai ta karɓa ta miƙa miki da hannunta. Ki karɓa da hannu biyu. Kada ki duba cikinsa. Ki shanye duka, ko ba kya jin ƙishi. Sannan ki ce mata, a gaban Ladi da duk wanda yake wurin, da murya yadda za a ji:

"Hajara ta ce in gaya miki ruwanki mai kyau ne, ran nan ma mai kyau ne. Batir lafiyarsa ƙalau. Ita ce ba ta ɗauraye ƙoƙon ba, kuma tana sane. Ta ce ki yafe mata."

Kada ki rage kalma ko ɗaya, musamman "tana sane". Duk abin da ta amsa, mai daɗi ko mara daɗi, ki rubuto mini shi yadda ta faɗa. Idan ta ce in zo, zan zo da ƙafata kafin ki yi hutun farko, in karɓi tawa moɗar.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki tafasa ruwan da ba ki san asalinsa ba, amma ba a gaban mai shi ba. Allah Ya buɗa miki ƙirji, Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya haɗa ki da abokan arziki. Allah Ya tsare idonki daga rabon wani, Ya tsare rabonki daga idon wani. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ƙannenki suna gaishe ki tun ba ki tafi ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, ki yi mini shi ko da kin ga son kai ne. Ki ce mata Anti Ladi. Kada ki ce mata Mama.

Wassalam.

Ni ce wadda kike kira Yaya,
mahaifiyarki,
Hajara.